Manomi Ba Ya Zagin Gonarsa

A wannan shafi mun saba yin magana a kan iri da taki da maganin ƙwari. Yau za mu duba wata gona dabam wadda kowa yake da ita, mai hali da matalauci, watau jikinmu. Abin da ya sa muka ɗauko zancen kuwa, wani abu ne da ya faru a gabanmu a Ɗankaza, mu ma da hannunmu a ciki.

Bayan girbin bara, ranar da ƙungiya take awon wake da gyaɗa, muna tsaye wajen sikeli muna rubuta lissafi. Sai wata dattijuwa cikin membobinmu ta iso da buhunta a kan jaki. Mace ce mai jiki, mai fara'a, ba ta fashin taro, ba ta makara da zubin adashi. Wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, "Inna, ke ma hau mu ga buhu nawa za ki yi!" Wuri ya kaure da dariya. Mu ma muka yi dariya. Ita ma ta yi, ta karɓi takardarta ta tafi.

Daga ranar ba mu ƙara ganinta a taro ba. Da aka yi wata 2, muka je gaishe ta, muka tarar da ita kwance a tabarma, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Ashe ta sayi wani shayi wurin mai talla da lasifika a kasuwa, wanda aka ce yana narkar da kitse cikin kwana 14. Ta daina karin kumallo, ta daina tuwon dare, sai shayin nan safe da yamma. Zawo ya kama ta, jiri ya kayar da ita a bakin rijiya. Allah ya kiyaye, ba ciki ta faɗa ba. Ga shi kuwa dama tana shan maganin hawan jini.

Muka ce, "Inna, me ya kai ki?" Ta ce, "Malam, shekara 20 ana ce mini hutu ya karɓe ni, ina jin daɗi. Yanzu kuma na zama abin awo. Ko inuwata a bango ba na son gani."

Muna cikin magana sai 'yarta ta kawo mana ruwa, yarinyar da aka riga aka sa ranar aurenta. Fuskarta ta yi fam, amma hannuwa da ƙafafu suna nan sirara. Uwar ta ce dangin miji ne suka ce ta cika rama, kamar sillen kara, shi ne ƙawayenta suka kawo mata ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe. Gida ɗaya, magani biyu. Uwa tana sha ta rame, 'ya tana sha ta yi ƙiba, bakin mutane ne kuwa ya tura su duka biyu.

Ga ra'ayinmu. Mutumin da aka sa ya tsani jikinsa ba zai iya lura da shi ba. Wanda yake bukatar rage ƙiba, sai ya fara da daina ƙyamar jikinsa, mu kuma da muke kewaye da shi mu daina gorin da yake sa shi ƙyamar. Bari mu kawo dalilanmu.

ME YA SA MUKE YABON ƘIBA?

Iyayenmu suna da dalilinsu. A ƙasar da rumbu yakan ƙare kafin sabon gero ya nuna, jiki shi ne shaidar cewa gida da abinci. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda yunwa take tsotse mutum. Saboda haka in amarya ta yi jiki sai a ce mijinta yana riƙonta da kyau, in maigida ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna. Sa'an nan cutar ƙanjamau ta zo, wadda aka fara ba da labarinta a Nijeriya a 1986. Duk wanda ya rame sai a riƙa nuna shi da baki. Har yau akwai wanda likita ya ce masa ya rage nauyi, amma tsoron abin da za a faɗa a gari ya hana shi.

Ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Efik na wajen Kalaba an san su da killace budurwa a ɗaki ana ciyar da ita kafin aure. A Muritaniya, da wurin Larabawan Azawak a Nijar, an san al'adar ɗura wa 'yan mata madara da gero don su cika.

Yanzu kuma waya ta kawo wani ma'auni. 'Ya'yanmu suna kallon hotuna a Facebook da TikTok, da yawansu an gyara su da na'ura, har siffar da ke ciki ko mai hoton ba ta da ita. Dangi suna cewa ki ƙara, waya tana cewa ki rage nan ki ƙara can. Wanda ya ce zai gamsar da bakin mutane, ba zai taɓa hutawa ba.

ƘIBA MAI YAWA BA ABIN WASA BA CE

Kada wani ya ɗauka muna cewa a bar kowa yadda yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, watau fiye da mutum biliyan 1, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau 2 tun 1990. A nan gida, binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce yadda ya kamata, kashi 12 kuma sun rame fiye da kima. Binciken ya kuma nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a arewa maso yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ashe ƙiba da rama suna zaune a ƙauye ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya.

Kitsen da ya fi haɗari shi ne na ciki, wanda yake lulluɓe hanta da hanji. Yakan sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da yake kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. Daga nan ciwon sukari yake farawa. Yakan kuma taimaka wa hawan jini, wanda shi ne babban mai kawo shanyewar ɓarin jiki. Gwiwa da baya su ma suna ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu.

Yaya abin ya shigo ƙauye? Kakanninmu da ƙafa suke zuwa kasuwar Wudil, mu a babur muke zuwa. Iyayenmu mata sun yi surfe da daka, yau ga injin niƙa. Mai lambu ya bar jigo ya kama injin ban ruwa. Ba ma cewa a koma baya, gama waɗannan abubuwa sun rage mana wahala. Amma aikin jiki ya ragu, abinci kuma ya canja: taliyar leda, shinkafa da mai, burodi, shayi mai zaƙi, lemon kwalba. Da yawanmu kuma muna ci da rani kamar yadda muke ci lokacin huɗa.

Akwai kuma abin da ba ya hannun mutum: gado, yawan haihuwa, shekaru, da waɗansu magungunan asibiti. Kowane mai kiwo ya san za ka ba raguna biyu dusa ɗaya da harawa ɗaya, ɗaya ya cika, ɗaya ya tsaya yadda yake. To, don me in mun ga mai ƙiba muke yanke hukunci cewa haɗama ce ko lalaci?

GORI BA YA GYARA MUTUM

Wani dattijo ya ce mana, "Malam, in ba a taɓa mutum inda yake masa zafi ba, yaushe zai farka?" Tambaya ce mai kyau, masana kuma sun bincika ta.

A Amurka an bi mutane fiye da 6,000 har shekara 4, aka buga sakamakon a 2013. Cikin waɗanda ba su kai ga ƙiba mai tsanani ba tun farko, waɗanda ake wulaƙantawa saboda nauyinsu sun fi sauran faɗawa cikinta wajen sau 2 da rabi. Cikin masu ƙibar kuwa, waɗanda ake wulaƙantawa sun fi sauran zama cikinta wajen sau 3. A birnin Lisbon na ƙasar Fotugal an yi wani gwaji da mata 239 na tsawon shekara guda, aka buga shi a 2011. Rabinsu an ba su darussan lafiya na yau da kullum. Sauran an riƙa tara su ana koya musu cin abinci da motsa jiki, da kuma yadda za su daina ƙyamar jikinsu. Waɗannan sun rage wajen kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, na farkon ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken sun lura cewa matar da ta fi samun kwanciyar rai game da jikinta, ita ta fi iya sarrafa cin abincinta. A watan Maris na 2020 kuma, masana daga ƙasashe da yawa suka fitar da sanarwa guda, ƙungiyoyin lafiya fiye da 100 suka goyi baya, cewa tsangwamar masu ƙiba tana cutar da su, a daina.

Mu ma ba sai mun je Turai ba, mun gani da idonmu. Kunya tana sa mutum ya ɓuya. Ba zai fita tafiya ba don kada yara su bi shi da waƙa. Ba zai je asibiti ba don yana tsoron sikeli. Zai ƙi cin abinci a gaban mutane, ya ci a ɓoye da dare. Damuwa za ta hana shi barci, rashin barci kuma yana ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Daga baya sai ya nemi abin da zai cire masa kunyar nan da sauri, mai lasifika kuwa yana jiransa a kasuwa. Kafin dariyarmu Inna tana zuwa gona, tana zuwa taro da ƙafa. Bayan dariyarmu ta kwanta.

Faɗin gaskiya dabam, gori dabam. Mai faɗin gaskiya yakan ja ka gefe, ya tambayi lafiyarka, ya ce zo in raka ka a auna jininka. Mai gori yana jira sai mutane sun taru, abin da yake nema kuwa dariya ce.

YARDA DA JIKI BA SAKACI BA NE

Dubi gonakinmu. Wani ya gaji jigawa, wani ya gaji fadama a bakin kogin Wudil. Mai jigawa ba ya tsayawa kan iyaka yana zagin yashi don bai ba da shinkafa ba. Ya san ƙasarsa ta gero ce da gyaɗa da wake. Amma sanin haka bai sa ya bar ta ga wuta-wuta ba. Yana kai mata taki, yana nome ta a kan kari, yana juya shuka. Saboda ya yarda tasa ce, shi ya sa yake yi mata wahala. Gonar da aka raina ita ce take zama saura.

Haka jiki yake. Tsawonka, faɗin ƙashinka, da wurin da kitse yake fara taruwa, gado ne kamar irin ƙasar gona. Abin da kake ci, yadda kake motsawa, da barcinka, su ne taki da noma. Mun gaskata jiki amana ne daga Mahalicci, maƙwabtanmu Musulmi ma haka suka gaskata. Abin amana ba a wulaƙanta shi, ba a kuma yin sakaci da shi.

Jikin da Inna ta ce ba ta son ganin inuwarsa, shi ya ɗauki ciki 7, ya goya, ya ja guga, ya yi roron gyaɗa shekara da shekaru. Bai cancanci a hore shi da yunwa da zawo ba. In mutum ya fara kallon jikinsa haka, burinsa ma yakan canja. Zai bar neman ya yi kama da wance, ya koma neman ya kai gona ba tare da haki ba, ya durƙusa ya tashi ba ciwon gwiwa, jininsa ya sauka, ya ga auren jikokinsa. Irin wannan buri ne yake riƙe mutum shekara da shekaru. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

MAGUNGUNA BIYU DA KUNYA TAKE SAYARWA

Abin da ake kira sha-ka-fashe, yawanci deksametason ne ko siproheptadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi ne da atishawa, yana buɗe ciki yana sa barci. Na farkon magani ne mai ƙarfi da likita yake bayarwa don asma da kumburi, na ɗan lokaci. In aka daɗe ana shansa yakan tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, ya cinye tsokar hannu da ƙafa. Yana ɗaga sukari da jini, yana raunana ƙashi, yana karya garkuwar jiki, yana barin nankarwa a fata. Ku je kara a Wudil ranar Juma'a ku ga gwanin sayen shanu. Ba ya yarda da ido kaɗai, sai ya danna bayan sa da hannu, domin ya san bambancin san turka da wanda ya kumbura. Abin da ba za mu yarda a sayar mana a kara ba, kada mu yi wa 'ya'yanmu mata. Amma ku lura: wadda ta daɗe tana shan deksametason kada ta daina rana ɗaya, gama jiki ya riga ya dogara da shi, yankewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum. A kai ta asibiti a rage mata sannu a hankali.

Shayin rage ƙiba kuwa, da yawansa filasko ne a ciki, ko abin da yake sa yawan fitsari. Abin da yake fita ruwa ne da gishirin jiki, kitse yana nan. In gishirin nan ya yi ƙasa, bugun zuciya yakan rikice, ƙoda ta wahala, musamman ga mai shan maganin hawan jini. A ƙasashe da dama an sha kama irin wannan shayi da ƙwayoyi an ɓoye sibutramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. Ku duba lambar NAFDAC a jikin kwali, amma ku sani lamba ba shaida ba ce cewa abu zai narkar da kitse. Wanda ya ce maka gero zai nuna cikin kwana 14, ka san amsar da za ka ba shi.

TO, ME ZA MU YI?

1. Ka fara sani ko kana bukata. Ka ɗauki igiya ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, ka yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita, ɗan sama da cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, domin ƙa'idar ita ce kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Wannan awo na manya ne, ba na yara ko masu ciki ba. Ka yi shi a ɗakinka. Sa'an nan ka je asibiti a auna maka jini da sukari.

2. Ka sa buri ƙarami. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa ya taimaki jini da sukari da gwiwa. Mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 9 ke nan. Rabin kilo a mako ya wadatar. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, an ɗauki mutane fiye da 3,000 da suke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Kada ka zauna da yunwa. Ka ci a kan lokaci, amma ka rage malmalar tuwo, ka ƙara miya. Kuka, kuɓewa, zogale, yakuwa, alayyafo, tafasa, wake da kifi, duk muna da su. Gero da dawa da ba a cika surfe su ba sun fi riƙe ciki a kan burodi da taliya. A auna mai da cokali, kada a tuttula daga kwalba.

4. Ka kula da sukari da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Lemon kwalba guda na santilita 35 yana ɗauke da wajen cokali 9. Fura da zoɓo da koko suna shawuwa da ɗan sukari kaɗan, baki yana sabawa cikin makonni. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali guda, har da wanda yake cikin dunƙulen miya. Daddawa tana nan.

5. Ka motsa, musamman da rani. Tafiya da sauri rabin awa, kwana 5 a mako, ita ce minti 150 ɗin nan. In wuri bai yi nisa ba, a bar babur ya huta.

6. Ba kowa zai rage ba. Mai ciki da yara da marasa lafiya kada su rage abinci, mai goyo kuma ta fara tambayar ma'aikaciyar lafiya. Wanda yake ramewa ba dalili, ko da tari, ko ƙishirwa da yawan fitsari, ya tafi asibiti ba da jinkiri ba. Jiki magayi.

7. In ka kauce, ka dawo. Za a yi biki, za a yi Kirsimeti, za ka ci fiye da kima. In shuka ba ta fito a wani gurbi ba, manomi yana sake jefa iri, ba ya ƙone gonar.

AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kowace ƙungiya ta yi doka cewa ba a wasa da jikin kowa a taro, mai ƙiba ko ramamme, mace ko namiji. Magidanta, ku ne masu cefane. Kada ka ce wa matarka ta yi teɓa alhali kai kake hana kuɗin ganye da wake, kai ne kuma za ka yi fushi in mai bai kwanta a kan miya ba. Iyaye mata da surukai, ku bar yarinya ta shiga ɗakinta da jikin da aka haife ta da shi. In kuna ganin ramarta ta yi yawa, asibiti za a kai ta a duba jini da tsutsar ciki.

Ƙungiyar da ta iya sayen injin feshi za ta iya sayen na'urar awon hawan jini, a koya wa mutum 2 amfani da ita, namiji da mace, a riƙa awo a keɓe. A ware ɗan fili a lambun rani domin ganyen miya na membobi. Matan zumunta kuma za su iya fita tafiya tare da yamma, gama abin da mace ɗaya take jin kunyar yi, mata 10 ba sa ji.

Mun koma wurin Inna muka nemi gafara, saurayin nan ma ya je ya durƙusa. 'Yarta an kai ta asibiti, aka rage mata ƙwayar a hankali, fuska ta saɓe, aka kuma ɗaura auren. Inna ta zubar da shayin, ta koma cin abincinta, tana tafiya da maƙwabciyarta kowace yamma. Ta ɗan ragu, jininta ya sauka, amma har yanzu mace ce mai jiki, mai yiwuwa kuma haka za ta kasance. Ranar da ta dawo taro muka ce, "Inna, barka da zuwa, yaya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Da godiya, Malam. Jiya na je gona na dawo ban zauna a hanya ba." Sa'an nan ta miƙo zubin adashinta na watannin da ta yi fashi, cif.

Ga tambayoyi domin taronku na wannan wata:

1. Waɗanne sunaye ne muke kiran masu ƙiba da ramammu a garinmu? Wa ya taɓa tambayarsu yadda suke ji?

2. Akwai wanda ya daina zuwa taro ba mu san dalili ba? Wa zai je ya gaishe shi a wannan mako?

3. Mutum nawa ne a cikinmu aka auna jininsu a bana?

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.